Dillalin Da Ba A Gani: Yadda Kantunan Intanet Ke Gwada Akwatin Neman Kaya

Daga Wakilinmu, Ikko

Duk wanda ya taɓa neman hayar rumfa a kasuwar Balogun ta nan Ikko, ko a Kantin Kwari na Kano, ko a babbar kasuwar Anacha, ya san kuɗin rumfar bakin hanya dabam yake da na rumfar ƙuryar layi. Haja iri ɗaya ce, wataƙila ma daga dila ɗaya aka kwance ta, amma mai bakin hanya tun da hantsi ya fara ƙirga ciniki, shi kuwa na ƙurya sai ya wuni yana kaɗe ƙura. Shi ya sa 'yan kasuwa ke tsai da yara a bakin ƙofa suna tarbar masu shigowa: "Hajiya, me ake nema? Zo in kai ki."

To, kasuwar intanet ita ma tana da bakin hanya, tana da ƙurya. Tun shekarar 2012 da aka buɗe kantunan Jumia da Konga a Ikko, mutanen ƙasar nan suka shiga sabawa da sayen kaya ta waya. (Shi Jumia ɗin ma da sunan Kasuwa ya fara ciniki kafin a sake masa suna.) Irin wannan kanti ba shi da ƙofa, balle yaron ƙofa. Abin da yake da shi shi ne wani ɗan gurbi a saman fuskar waya, inda mai saye zai rubuta sunan abin da yake so, ya latsa, kafin ƙiftawar ido kaya su jeru a gabansa. Wannan gurbi, wanda za mu riƙa kira akwatin nema, shi ne dillali, shi ne kuma sarkin kasuwa mai rabon rumfuna. Hajar da ya ɗora a sama ta sami bakin hanya. Wadda ya jefa shafi na huɗu kuwa, tamkar ba a kawo ta kasuwa ba.

Kada mai karatu ya ce mun yi ƙari. A cikin watan Yuni na 2017, sa'ad da Hukumar Tarayyar Turai ta ci kamfanin Google tarar yuro biliyan 2.42 saboda fifita sashensa na kwatanta farashin kaya, ta bayyana cewa sakamako goma na shafin farko su ne ke kwashe wajen kashi 95 cikin 100 na latsawar jama'a, na ɗaya shi kaɗai yana da wajen kashi 35. Na farko a shafi na biyu kuwa da kyar yake samun kashi 1. Hukumar ta ƙara da cewa in aka ɗauke na ɗaya aka mai da shi na uku, wajen rabin masu latsa shi sun tafi ke nan. Wannan lissafi na kwamfutar tebur ne. A ƙaramar fuskar waya abin ya fi haka tsanani, ga shi kuwa da waya yawancin mutanenmu ke shiga intanet.

Saboda haka maganar wa ke jera kayan nan, da wace ƙa'ida, kuma wa ya duba jerin ya yi daidai, magana ce ta abincin mutane: na mai ɗinkin takalmi a Aba, da mai turaren wuta a Maiduguri, da matar da ta yi wata uku tana zubin adashi don ta sayi keken ɗinki.

HANNUN MUTUM A CIKIN NA'URA

Mutane da yawa suna zaton kwamfuta ce ke jera kayan bisa ga son ranta. Ita lissafi kawai take yi, mutum ne ke gaya mata abin da za ta lissafa. Yawancin kantuna ba sa ƙera injin nema nasu na kansu. Sukan ɗauko wanda aka riga aka gina, kamar Solr ko Elasticsearch ko Algolia, ko kuwa su yi aiki da wanda ya zo haɗe da manhajar kantin, irin ta Shopify ko Adobe Commerce. Kowanne yana da wani shafi na bayan fage da mai saye ba ya gani, inda ma'aikacin kanti mai kula da jerin kaya ke zama yana murɗa saiti.

A wannan shafi ne ake faɗa wa injin nauyin kowane abu, watau kalmar da ta fito a sunan haja ta fi daraja a kan wadda ta fito can cikin dogon bayani. A nan ake gaya masa ko ya dubi yawan cinikin da haja ta yi a makon jiya, ko yabon da masu saye suka yi mata, ko farashinta. Sa'an nan ma'aikacin yana da ikon sa hannu kai tsaye. Yana iya ɗaga haja ta hau sama, yana iya binne ta ta koma ƙasa, yana iya kafe ta a gurbi na ɗaya ta yadda kome aka yi ba ta motsi, yana kuma iya ɓoye ta ɗungum. Galibi da dalili mai kyau ake yin haka. Ba amfani a ɗora fanka a sama alhali ta ƙare a sito, ko a bar rigar sanyi a gaba ana tsakiyar bazara.

Matsalar dai ita ce kusan kowane saiti in ya ɗinke wata ɓaraka, sai ya yage wata a gefe. Ɗauki maganar kuskuren rubutu. Tun 1964 wani masani na kamfanin IBM mai suna Fred Damerau ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na kurakuran rubutu ƙanana ne: an bar harafi ɗaya, ko an ƙara, ko an sa wani a madadinsa, ko an juya biyu. A 1965 kuma masanin lissafi na Rasha, Vladimir Levenshtein, ya fito da hanyar auna tazarar da ke tsakanin kalma da kalma. A kan aikin mutanen nan biyu aka gina afuwar da injinan nema ke yi wa mai kuskure. A Elasticsearch, alal misali, in aka bar injin ya zaɓa da kansa, kalma mai harafi 3 zuwa 5 ana yafe mata kuskure ɗaya, wadda ta fi haka tsawo ana yafe mata biyu. Wanda ya rubuta Samsong zai ga Samsung, kowa ya ji daɗi.

Amma Hausa harshe ne mai gajerun kalmomi masu kama da juna. Tsakanin wando da kwando harafi ɗaya ne. Haka tsakanin zane da zare. Mai neman tabarma kuwa, afuwar harafi biyu ta isa ta kawo masa taɓarya. In kuma aka ce a kashe afuwar gaba ɗaya, duk wanda yatsansa ya zame ya tashi hannu rabbana.

Ga kuma haruffan nan namu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda mafi yawan masu rubutu a waya ba sa damuwa da su. Injinan suna da saitin da ke miƙe lanƙwasar, domin wadda ta rubuta "dan kunne" ta sami ɗan kunne. Madalla. Sai dai da zarar an miƙe, baƙi da baki sun zama abu ɗaya, mai neman takalmi baƙi sai ya ga jan baki ya leƙo cikin jerin. Jam'i ma haka. Tun 1980 wani Bature a Kambirij, Martin Porter, ya tsara ƙa'idar yanke wutsiyar kalmomin Turanci don injin ya gane tilo da jam'i 'yan gida ɗaya ne. Elasticsearch yana zuwa da irin wannan shiri na harsuna sama da 30, amma babu Hausa a ciki, babu Yarbanci, babu harshen Ibo. Riga da riguna, hula da huluna, zane da zannuwa, littafi da littattafai, duk baƙin juna ne a wurin injin, sai in wani ya zauna ya haɗa su da hannu.

Abin da ya fi waɗannan duka faɗi shi ne yawan sunayen da abu ɗaya ke da shi a ƙasar nan. Ayar da Bahaushe ya sani, Bayarabe ofio yake ce mata, mutumin Ibo ya ce aki Hausa, wanda ya loda ta a kantin kuwa wataƙila da sunan Turanci ya rubuta. Daddawa ita ce iru. Babbar riga a Ikko agbada ce, atamfa ankara, kayan gwanjo okrika. Maganin wannan shi ne jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya, wanda ma'aikacin kanti ke cikawa. Shi ma yana da tarko. Wanda ya rubuta Omo sau da yawa garin sabulu kawai yake nufi, kowane iri ne, don haka daidai ne a nuna masa duka. Wanda ya rubuta Ariel kuwa Ariel yake so. In aka ɗaure kalmomin biyu ta kowace fuska, an saɓa wa na biyun. Turmi fa? Na daka ne ko na atamfa? Yaron shago a Kwari ba ya bukatar a gaya masa, don yana ganin wadda ta yi tambayar. Injin ba ya ganin kowa.

GWAJIN CIKIN ƊAKI

Tun da kowane gyara na iya haifar da ɓarna, ba a sakin sabon saiti ga jama'a sai an gwada. Gwajin farko tsoho ne, ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A cikin shekarun 1960 wani ma'aikacin laburare mai suna Cyril Cleverdon, a kwalejin ilmin jiragen sama ta Cranfield a Ingila, ya tara takardu 1,400 da tambayoyi sama da 200, ya sa aka tantance da hannu wace takarda ce ke amsa wace tambaya. Da wannan ma'auni sai ya riƙa gwada hanyoyin nema iri iri yana duban abu biyu. Cikin abin da aka fito da shi, nawa ne ya dace? Cikin abin da ya dace kuma, nawa aka fito da shi, nawa aka bari a baya? Ya tarar cewa galibi in ɗayan ya hau, ɗayan sauka yake yi. Labarin wando da kwando ke nan tun kafin a haifi waya.

Haka kanti mai hankali ke yi har yau. Injin yana ajiye duk abin da jama'a suka rubuta a akwatin nema. Daga nan ake tsamo kalmomi 100 ko 200 da aka fi nema, a zauna a rubuta abin da ya kamata kowacce ta fitar. Manhajojin jera kaya da yawa suna da tagar gwaji, inda ma'aikaci zai rubuta kalma ya ga jerin yadda zai kasance da sabon saitin, tun mai saye ko ɗaya bai gani ba. Ka'idar aikin ita ce duk lokacin da aka taɓa saiti ɗaya, a bi jerin kalmomin nan kaf daga farko, domin gyaran da aka yi wa shadda yana iya zuwa ya ɓata wa shinkafa.

Akwai kuma wani jeri da a ganinmu ya fi kowanne daraja, watau jerin kalmomin da aka nema injin ya ce babu. Kowace kalma a cikinsa mutum ne da ya shigo da kuɗi a hannu aka ce masa ya ƙara gaba. Wani lokaci da gaske babu kayan, to an koya wa mai kanti abin da zai saro. Sau da yawa kuwa kayan na nan jibge a sito, da wani suna aka rubuta su. Sai dai fa wannan jeri ba ya amfani sai a hannun wanda ya san harshen. Ma'aikacin da bai taɓa jin kalmar mayafi ko kwalli ko tukunyar ƙasa ba, zai gan su ya ɗauka shirme ne wani ya danna, ya wuce.

GWAJI A KAN JAMA'A

Gwaji na biyu daga gona aka aro shi. Tun 1919 Ronald Fisher ya fara aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya kafa ƙa'idar cewa in kana son sanin ko taki ya yi aiki, ka raba fili kashi kashi, ka bar ƙuri'a ta zaɓi inda za a zuba da inda za a bari. Kantunan intanet haka suke yi da mutane. Rabin masu shigowa, waɗanda ƙuri'ar kwamfuta ta zaɓa, su ga tsohon jeri, rabi su ga sabo, bayan kwanaki a kwatanta. Mai karatu da ya taɓa sayayya a manyan kantunan duniya, kusan tabbas ya shiga irin wannan gwaji bai sani ba. Shi ya sa wani lokaci kai da maƙwabcinka za ku rubuta kalma ɗaya, kowa ya ga nasa jerin.

Amfanin wannan gwaji shi ne yana kunyata masu cewa sun sani. A 2012 wani ma'aikacin Microsoft ya ba da shawarar a ɗan sake yadda ake nuna kanun talla a injin nema na Bing. Aka ga abin ba shi da muhimmanci, aka ajiye fiye da wata shida. Da wani injiniya ya gwada, kuɗin shiga ya ƙaru da kashi 12 cikin 100, watau sama da dala miliyan 100 a shekara a Amurka kaɗai. Ronny Kohavi, wanda ya shugabanci sashen gwaje-gwaje na kamfanin, ya bayyana cewa cikin dabarun da suke gwadawa kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke kawo ci gaba, ɗaya ba ya canza kome, ɗaya kuwa ɓarna yake yi. Waɗannan fa ƙwararru ne da ake biya maƙudan kuɗi.

Amma gwajin yana cin mutane da yawa. A ce cikin masu nema 100, biyu ne ke saye, kana son ka tabbatar sabon saiti ya ɗaga su daga 20 zuwa 22 cikin 1,000. Lissafin da masana ke amfani da shi ya nuna kana bukatar kusan mutum 80,000 a kowane ɓangare kafin ka ce ba sa'a ce kawai ba. Kantin da ke samun baƙi 500 a rana sai ya kusa shekara yana jira. Don haka ƙaramin kanti da ya raba baƙinsa biyu na kwana uku ya ce ya gano gaskiya, kansa yake ruɗi. Gara masa hanyar Cleverdon. Lokaci ma abin lura ne. Gwajin da aka yi a goman ƙarshe na azumi, sa'ad da kowa ke neman shadda da takalman yara, ba zai faɗi halin kasuwa na bayan salla ba, haka nan makon da aka biya albashi dabam yake da tsakiyar wata.

DA WANE MUDU AKE AWO?

Nan ne maganar ta fi nauyi. Gwaji yana faɗin wane jeri ne ya ci, amma mutum ne ke zaɓar abin da ake kira ci. Kohavi da abokan aikinsa sun ba da labari a 2012 cewa wata rana kuskure ya shiga wani gwaji na Bing, aka riƙa nuna wa mutane sakamako marar kyau ƙwarai. Sai ga yawan neman da kowane mutum ke yi ya hau da fiye da kashi 10 cikin 100, kuɗin shiga daga kowane mutum ya hau da fiye da kashi 30. Dalili kuwa shi ne mutane sun rasa abin da suke so, suna ta sake nema, suna faɗawa kan talla. Da kuɗin wannan makon kaɗai aka duba, da an ba wa kuskuren lambar yabo.

Kanti ma haka. In mudun shi ne yawan latsawa, hoto mai ƙyalli da farashin ƙarya za su ci. In mudun shi ne yawan oda, to a ƙasar da aka saba da biya sai kaya sun iso, oda ba ciniki ba ce tukuna, domin mai saye na iya buɗe kwali a ƙofar gida ya ce ba wannan ya gani ba. Awon da ya fi kusa da gaskiya shi ne kayan da aka karɓa, aka biya, ba a mayar ba, mai sayen kuma ya sake dawowa. Wannan awo yana da jinkiri, shi ya sa ake yawan guje masa.

In kuwa mudun shi ne ribar mai kanti, dillali ya zama ɗan gida. A watan Satumba na 2019 jaridar Wall Street Journal ta ba da rahoton cewa Amazon ya gyara injin nemansa ta yadda kayan da suka fi kawo masa riba za su ƙara fitowa. Kamfanin ya musanta. A Oktoban 2021 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ce ya ga takardun cikin gida da ke nuna an tura kayan Amazon na kansa sama a Indiya, nan ma kamfanin ya musanta. A Satumban 2023 hukumar ciniki ta tarayyar Amurka tare da jihohi 17 suka kai shi ƙara, cikin zarge-zargen har da cika shafin nema da tallan da aka biya a madadin abin da mai saye ya nema, shi kuwa ya ce ƙarar ba ta da tushe. A Koriya ta Kudu, a watan Yuni na 2024, hukumar kula da gasa ta ci babban kantin Coupang tarar won biliyan 140 a kan murɗa jeri don fifita kayansa, kamfanin ya garzaya kotu. Ita kuwa tarar Google da muka ambata, babbar kotun Tarayyar Turai ta tabbatar da ita a Satumban 2024.

Ko ba da mugun nufi ba, akwai wata karkata da ke shiga da kanta. Hajar da ke sama ita ake latsawa, wadda ake latsawa kuma ita injin ke ƙara ɗagawa. Sabon ɗan kasuwa da ya shigo jiya da kaya mai kyau ba shi da tarihin ciniki, don haka yana ƙasa, kuma tun da yana ƙasa ba zai sami tarihin ba. Gwajin da ke auna cinikin mako guda ba zai taɓa nuna wannan asara ba, domin ba a ƙirga cinikin da bai faru ba. Sai mai kanti ya yi niyya ya ware wa sababbin kaya gurbi a sama na ɗan lokaci.

Turai ta ɗauki mataki a kan wannan. Wata doka da aka yi a 2019, ta fara aiki a Yulin 2020, ta wajabta wa kasuwannin intanet su bayyana wa 'yan kasuwar da ke sayarwa a cikinsu manyan abubuwan da ke sa haja ta hau ko ta sauka, har da ko biyan kuɗi na da tasiri. Mu a nan muna da hukumar kula da gasa da kare masu saye ta tarayya, watau FCCPC, wadda aka sa wa dokarta hannu a farkon 2019, dokar kuma ta hana yaudarar mai saye da danniyar babban kamfani. Muna ganin ya dace hukumar ta nemi irin wannan bayani daga kantunan da ke ciniki a Nijeriya, a kuma rubuta shi da harsunan da 'yan kasuwar ke karantawa.

Kafin nan, ɗan kasuwar da ke da haja a irin wannan kanti yana iya yin nasa gwajin, ba ya bukatar injiniya. Ya ari wayoyi biyu ko uku na mutanen da ba su taɓa buɗe shafinsa ba, domin tasa wayar ta san shi, tana iya nuna masa abin da yake son gani. Ya rubuta sunan hajar yadda mutumin Kano zai rubuta, da yadda mutumin Ibadan zai rubuta, da tilo da jam'i, da lanƙwasa da babu. Ya rubuta a littafi gurbin da ta fito, da adadin kayan da ke samanta masu ɗauke da alamar talla. Sunan da bai fitar da ita ba, ya ƙara shi cikin bayanin hajar. Bayan mako ya sake. In ya ga ta faɗo daga ta biyar zuwa ta arba'in alhali bai ƙara farashi ba, kayan ba su ƙare ba, kuma ba wanda ya yi ƙorafi, to wani ya taɓa saiti, sai ya ɗauki littafin nan ya rubuta wa kantin yana neman dalili.